Garin Swindon a kan falanki: littafin aikina

Asabar, 11 ga Janairu

Da sunan Allah na fara. Shekara shida ke nan ina koya wa 'yan ajin ƙarshe na sakandare darasin juyin masana'antu a Turai, kuma duk shekara abin iri ɗaya ne: su haddace kwal da ƙarfe da tururi, su zuba a takardar jarrabawa, su manta. Bana na yi niyyar su ga abin da idonsu. Zan gina gari guda na Ingila a kan falanki, yadda za a iya cire wani sashe a ɗora wani, a ga garin yana girma daga 1841 zuwa 1900.

Swindon na zaɓa, a gundumar Wiltshire, mil 77 yamma da Landan. A ƙidayar 1801 mutanenta 1,198 ne. A 1841 sun kai 2,459. A 1901 kuwa, 45,006. Shekara arba'in ɗin farko da ƙyar ta ninka, sittin ɗin da suka biyo baya ta ninka kusan sau goma sha takwas, kuma abin da ya shiga tsakani shi ne kamfanin jirgin ƙasa na Great Western.

Akwai kuma dalili na gida. Kakana ɗan reluwe ne, a Sabon Garin Zariya ya yi rayuwarsa, ni ma a nan na tashi ina jin jiniyar jirgi. Da na ga tsohuwar taswirar Swindon, tsohon gari can kan tudu, sabon gari can gindin layin dogo, ga fili fetal a tsakani, sai na ji kamar na san wurin.

Talata, 14 ga Janairu

Sayayya. Falanki mai ƙafa takwas da huɗu, naira 14,000. Katakon ƙafafu da ƙusa da kuɗin kafinta, 9,500. Farin gam, 3,000. Reza da almakashi da rula ta ƙarfe, 2,200. Kwali kyauta daga mai shagon bakin layinmu. Buga taswirori shida manya, 4,800. Jimla 33,500, duk daga aljihuna.

Taswirorin daga ɗakin karatu na ƙasar Scotland na samo su, sun zuba tsofaffin taswirorin gwamnatin Birtaniya a intanet kyauta.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau muka ɗaga tudu. Ɗalibai biyar suka zo, maza uku mata biyu. Mun yanka kwali falle-falle, kowane falle ya fi na ƙarƙashinsa ƙanƙanta, muka jera har falle tara, sannan muka lulluɓe da tsofaffin jaridu da kunun sitaci. A kan wannan tudu tsohon Swindon yake: kasuwar dabbobi da hatsi, coci, ramukan fasa dutse, da gidan iyalin Goddard masu ƙasar wurin.

Muna cikin aiki ɗaya daga cikin 'yan matan ta ce, “Malam, in dai a kan tudu mutanen suke, don me ba a kai musu jirgin can ba?” Na ji daɗin tambayar ƙwarai. Jirgi ba ya son hawa. Isambard Kingdom Brunel, injiniyan da ya shata layin Landan zuwa Bristol, ya bi shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne iyakar iyawarsa, shi ya sa layin ya wuce ta arewa da tudun, sama da mil guda daga kasuwa, ta cikin makiyaya mai danshi. Ba don Swindon aka yi layin ba, kan hanya kawai ta faɗo.

To me ya sa kamfanin ya kafa masana'antarsa ta gyaran jirage a nan? Wani saurayi ne, Daniel Gooch, wanda aka ba shugabancin kawunan jirage a 1837 bai ma cika shekara 21 ba, ya rubuta wa Brunel takarda a watan Satumba na 1840 yana ba da shawarar wurin. Daga Landan zuwa Swindon hanya a miƙe take, daga nan zuwa Bristol kuwa akwai hawa da gangara, don haka a nan ya dace a sauya kan jirgi, mai manyan ƙafafu na gudu ya huta, mai ƙarfin hawa ya karɓa. A nan ne kuma reshen da ke zuwa Gloucester da Cheltenham ya rabu. Ga hanyar ruwa ta Wilts da Berks da aka haƙa tun 1810, wadda dawakai ke jan kwale-kwalen kwal a kanta daga Somerset. Shugabannin kamfani suka amince a Fabrairun 1841, aka buɗe masana'antar ranar 2 ga Janairu, 1843.

Na sa yaran sun maimaita dalilan da bakinsu, kowa na nuna wurin da yatsa a kan falanki. Ba wanda ya duba littafi.

Laraba, 22 ga Janairu

Tudu ya bushe. Hunturu ya taimaka. Na shafa fenti kore a makiyaya, na yayyafa dussar katako. Fenti kala huɗu, 5,200.

Lahadi, 26 ga Janairu

Babban kuskure, kuma nawa ne. Tun farko na tsayar da ma'auni: milimita ɗaya a kan falanki daidai da mita ɗaya a ƙasa, wato falankin ya ɗauki kilomita 2.4 a tsawo da 1.2 a faɗi. Amma da na zo yin gidajen ma'aikata sai zumuɗi ya ɗebe ni. Ina so a ga ƙofa da taga da bututun hayaƙi, na yi ta yanka su kamar girman kwalin ashana. Dare huɗu ina wannan aiki bayan isha'i, na haɗa gida arba'in da biyu. Yau na jera su a kan falanki, sai ga layi biyu kacal sun cinye filin daga tasha har gindin tudu. A ma'aunin da na ɗauka, gida guda bai wuce faɗin ƙwayar wake ba.

Na daɗe zaune ina kallonsu. In na bar su haka, na kashe abin da nake son nunawa, wato tazarar da ke tsakanin garuruwan biyu. Wannan fili shi ne zuciyar labarin. Mutanen tudu manoma ne da 'yan kasuwa da suka gaji wurin, mutanen ƙasa kuwa baƙi ne, maƙera da masu haɗa inji daga Scotland da arewacin Ingila da Landan da Bristol, harshensu daban, albashinsu ya fi na ɗan ƙodagon gona. Matar ma'aikaci sai ta ratsa gonaki da taɓo, ta haye hanyar ruwa, ta hau tudu kafin ta kai kasuwa. In gidaje suka toshe filin tun 1845, yaro ba zai taɓa jin wannan nisa ba.

Na yanke shawara: falanki biyu. Babba ya ɗauki gari duka, gidaje su zama siraran layuka na katako. Ƙarami ya ɗauki titi ɗaya tak na unguwar reluwe da girman da ido zai ƙoshi, a nan gidajena arba'in da biyu za su zauna. Na je wurin kafinta da la'asar. Ya ce, “Malam, ai da ka tambaye ni, mu ba ma sa zarto sai mun auna sau biyu.” Gaskiyarsa. Ya ba ni ragowar falanki a 3,500.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ranar shimfiɗa layi. Da siririyar wayar tagulla muka yi, daga tsohuwar fanka da ta ƙone. Layin Bristol ya ratsa falanki daga gabas zuwa yamma, reshen Gloucester ya karkata arewa maso yamma, masana'antar farko ta zauna a cikin bakin almakashin da suka yi. Tasha na gabas da mararrabar, unguwar ma'aikata na kudu da layi.

Faɗin layin ya ja mu hira mai tsawo. Brunel bai bi ma'aunin da George Stephenson ya yaɗa a arewa ba, wato ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Ya buɗa nasa zuwa ƙafa 7 da rubu'in inci, don jirgi ya zauna daram ya yi gudu. Kuma ya yi gudun. Matsalar ita ce duk inda layukan biyu suka haɗu, kamar Gloucester, sai an sauke mutane da kaya kaf an sake lodi. A 1846 majalisa ta yi doka ta fifita ƙaramin faɗi, amma Great Western ba ta rabu da nata gaba ɗaya ba sai a watan Mayun 1892, lokacin da dubban ma'aikata suka matse ragowar layin yamma cikin ƙarshen mako guda. Tsofaffin kawunan jirage da taragai aka tattaro su Swindon, aka shimfiɗa musu mil-mil na layin ajiya suna jiran a gyara ko a farfasa.

Na kai yaran tsakar makaranta muka ja layi uku da alli: mita 2.14 na Brunel, mita 1.435 irin na jirgin Abuja zuwa Kaduna, da mita 1.067 na tsohon layinmu da ya iso Kano a 1911. Wani yaro dogo ya kwanta a tsakanin layin Brunel, bai taɓo gefe da gefe ba. A kan falanki bambancin bai wuce kimanin milimita ɗaya ba, ba zai ganu ba, don haka zan yi gajeren samfuri na layukan uku a gefe.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Inna lillahi. Na buɗe ɗakin ajiya da safe na tarar ɓeraye sun yi wa tudun ɓarna. Sitacin suka bi. Sun huda ta gefen kudu, suka cinye takardar har kwali, kasuwar tsohon gari da cocin da muka kwana biyu muna yi sun zube cikin rami. Kyankyasai kuma sun lashe fentin makiyaya, ya yi dabbare-dabbare. Na zaɓi sitaci ne don ragin kuɗi, ga shi araha ta zama tsada.

Abin da ya fi damuna yaran ne. Wadda ta yi cocin da tsinken ashana ta tsaya shiru, idonta ya kawo ruwa. Na ce mata, “Yi haƙuri 'yata, hannun da ya yi na farko yana nan.” Ta ce, “Ba komai Malam, dama hasumiyar ta karkace.”

Mun kankare duk inda sitaci ya taɓa. Wannan karon farin gam da aka sirka da ruwa, a sama kuma siririn shafe na farar ƙasa irin ta silin. Gam da farar ƙasa 6,000, tarko biyu 1,200. Na roƙi shugaban makaranta a bar mu mu koma ɗakin gwaje-gwaje, mai ƙofar ƙarfe, ya amince. Kafinta zai yi murfi da ragar sauro. Mako guda ya tafi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Sake ɗaga tudu. Ba wani labari.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Yau ƙaramin falanki, kuma yau na fi jin aikin a raina. Unguwar reluwe gidaje ne kimanin 300 na dutse, a jere layi-layi, aka raɗa wa titunan sunayen tashoshin layin: Bristol, Bath, Exeter, Taunton a yamma, Landan, Oxford, Reading, Faringdon a gabas. Titin Bristol muka ɗauka. Daga gaba gidajen gwanin kyau, da ɗan lambu a ƙofa, ba irin kurkukun da aka yi wa ma'aikata a wasu garuruwan masaƙa ba.

Sai dai kyan gaba bai faɗi gaskiya duka ba. Gidajen ba su isa ba, ɗaki biyu sai ka tarar da iyali da 'yan haya a cunkushe. Ƙasar mai riƙe ruwa ce, magudanai ba su da kyau, ruwan sha ya yi ƙaranci. Zazzaɓi da cututtukan ƙazanta suka yi ta ɗibar mutane, musamman yara. A cikin masana'anta kuma ga haɗari kullum, yatsa ko hannu ko ido. Sannan a 1847 kasuwar hannun jarin jiragen ƙasa ta rushe, kamfani ya rage ma'aikata daga kimanin 1,800 zuwa kimanin 600. Mutumin da ya baro Scotland da iyalinsa, gidan da yake ciki na kamfani, aikin na kamfani, ina zai nufa?

A wannan shekarar ta wahala aka kafa asusun magani na ma'aikata. Ana cire ɗan wani abu daga albashin kowa gwargwadon samunsa, likita ya duba shi da iyalinsa. Asusun ya yi ta girma har ya samu asibitinsa a farkon shekarun 1870, daga baya ga ɗakin ba da magani, ga wuraren wanka da ninkaya. Tun kafin nan, a 1844, ma'aikatan sun kafa ƙungiyar ilimi da suka kira Mechanics' Institution, suka fara da 'yan littattafan aro, a 1855 suka shiga babban gininsu a tsakiyar unguwa, da ɗakin karatu da zauren lacca da kasuwa a jikinsa. Cocin St Mark an buɗe shi a 1845.

A ganina nan ne garin ya zama gari. Layin dogo ya ratsa ƙauyuka da yawa tsakanin Landan da Bristol, yawancinsu suna nan ƙauyukansu. Abin da ya bambanta Swindon shi ne an tara dubban masu sana'a wuri guda inda babu komai, dole ta sa su da kamfanin suka samar da likita da makaranta da kasuwa da wurin ibada. Ban ɗauki kamfanin waliyyi ba. Mai ba ka gida da magani da littafi, shi ne kuma mai iya korarka ranar Asabar, kuma ya san lafiyayyen maƙeri ya fi riba. Amma kuɗin asusun daga gumin ma'aikata ya fito, su ne kuma ke zaɓen masu kula da shi.

Tambayar da ta hana ni barci: yaya zan nuna cuta a kan falanki? Gidan kwali tsaf yake, ba wari ba tari. Abin da na tsayar shi ne gida ɗaya zan bar rufinsa a buɗe, a ga gadaje sun cika ɗaki, a bayan layin kuma in zuba baƙin gam a lungu ya zama kwata.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Tasha. Gini biyu, layi a tsakiya. An buɗe ta a 1842, kuma akwai labari a kanta. Kamfani ba shi da isassun kuɗi, sai ya yi yarjejeniya da 'yan kwangilar gini, J. da C. Rigby: su gina tasha da gidajen ma'aikata da kuɗinsu, su riƙa karɓar haya, sannan kowane jirgin fasinja ya tsaya minti goma a Swindon don mutane su sayi abinci a ɗakunan cin abincin tashar. Yarjejeniyar ta shekara 99 ce. Fasinjoji suka yi ta kuka da tsada da rashin daɗin abincin, jirage masu sauri kuma dole su tsaya ko ba su so. Sai a 1895 kamfani ya fanshi kansa da fam 100,000. Yaran sun ce a sa agogo a jikin tashar, na yanko fuskar wani mataccen agogon hannu na manna.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Murfi ya iso, 7,000. Na yanka siraran katako ɗari da ashirin na layukan gidaje. Reza ta yanke ni a babban yatsa, ba mai zurfi ba.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi, Allah ya karɓa mana. Aiki ya koma safiya, awa biyu kawai. Mun yi faifan 1870, wato sashen da ke nuna garin a wannan shekarar, wanda ake ɗorawa a kan na 1845. A 1846 masana'antar ta fitar da kan jirgi mai suna Great Western, daga gyara ta koma ƙira. A 1861 aka kafa injin murza ƙarfen layin dogo, ya jawo ma'aikata daga Wales, aka gina musu unguwar Cambria har da ɗakin ibadarsu inda ake wa'azi da harshensu. A 1868, zamanin Joseph Armstrong, aka fara ginin sashen ƙera taragai. Kowane sabon sashe, sabuwar unguwa. Daga nan ba kamfani ke gina gidaje ba, 'yan kasuwa ne ke sayen gona su jera gidajen jan bulo su ba da haya. Don haka dutse mun yi masa ruwan toka, bulo ja, ido na gani zai raba.

Asabar, 8 ga Maris

Faifan 1900. Da muka ɗora shi, jan bulo ya malalo daga layin dogo, ya haye hanyar ruwa, ya hau tudu har ya taɓa tsohon gari. Turbar da mata ke bi cikin taɓo ta zama titin Regent mai kantuna. Tsohon gari ma ya samu tasharsa a 1881, ta wani kamfani daban da ya nufi Marlborough da Andover. Shekaru da dama kowane gari da hukumarsa, sai a Nuwamban 1900 aka haɗe su ƙarƙashin majalisa ɗaya.

Wani ɗalibi ya ɗaga faifan ya mayar, ya sake ɗagawa, sannan ya ce, “Malam, ashe kamar Birni da Sabon Gari ne, Tudun Wada a tsakiya.” Na ce kamannin na nan, amma a lura da bambanci. A Zariya hukumar mulkin mallaka ce ta shata inda baƙo zai zauna da inda ɗan gari zai zauna. A Swindon tudu da sana'a da albashi ne suka raba su, ba doka ba. Kuma mu tasha da ɗakin gyara aka kawo mana, kawunan jiragen daga waje ake sayo su, can kuwa a cikin garin ake narka ƙarfen a ƙera. Na ga ya yi shiru yana juya maganar.

Matsala ta yau: masana'antar 1900 ta fi ƙarfin falankin. Ta miƙe yamma har ta faɗo daga gefe da kusan tafin hannu biyu. Zafi kuma ya fara, faifan 1870 ya ɗan bankare a kusurwa, ba ya zama daidai.

Laraba, 12 ga Maris

Kafinta ya ƙara fiffike a gefen yamma da patta biyu, ana naɗe shi in za a rufe, 4,500. Faifan da ya bankare na jiƙa bayansa kaɗan na danne da littattafai kwana biyu, ya miƙe, na manna masa sanda a ƙasa. Kuɗin da ya fita zuwa yau 60,900.

Saura: bututun hayaƙi shida, gada biyu a kan hanyar ruwa, ramin ƙarƙashin layi da ma'aikata ke bi su shiga aiki daga unguwa, da samfurin layuka uku. Ina neman ƙaramar jiniya mai batir, don jiniyar masana'antar ce ke tashin garin duka da asuba, kuma ina so a danna a ji. Yaran sun nemi a yi jirgin hutun shekara, wanda ya fara a 1849 da tafiya Oxford, daga baya ya zama kamfani na kwashe ma'aikata da iyalansu kyauta zuwa bakin teku a watan Yuli har gari ya zama kamar an share. Na ce to, amma sai bayan salla, don taragai goma da tsinken ashana ba aikin mai azumi ba ne. Ranar Asabar za mu fara da bututun hayaƙi, na riga na tara bututun biro guda takwas.